BABI NA UKU: ZAƁEN MAFASSARIN HARSHE GA ƘANANAN KWAMFUTOCIN GIDA: MISALI DAGA LISSAFIN RABON GADO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. A wannan babi kuwa za a yi bayani ne a kan wata matsala da ta riƙa fuskantar duk wanda ya mallaki ƙaramar kwamfutar gida a shekarun 1980, wato yadda zai zaɓi mafassarin da zai mayar da umarninsa zuwa harshen da na'urar take ganewa. Domin bayanin ya fito fili, an ɗauki lissafin rabon gado a matsayin misali, kasancewarsa ilimin da unguwar Shahuci ta cikin birnin Kano take da tsohuwar alaƙa da shi, kuma aiki ne da kuskuren kwabo ɗaya a cikinsa yake nufin tauye haƙƙin wani.

3.1 Ma'anar Tafinta da Mafassari

Kowace kwamfuta tana da wani ɗan ƙaramin ɓangare da yake gudanar da lissafi, wanda ake kira furosesa. Shi wannan ɓangare ba ya gane komai sai jerin alƙaluman sifiri da ɗaya, abin da ake kira harshen inji. Da yake rubutu da wannan harshe yana da matuƙar wahala, sai masana suka ƙirƙiro harsunan da suka fi kusa da maganar ɗan Adam. An fito da FORTRAN a kamfanin IBM a 1957 a ƙarƙashin jagorancin John Backus. John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro BASIC a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964. Niklaus Wirth ya fito da Pascal a 1970, sannan Dennis Ritchie ya samar da C a 1972. Jerin umarnin da aka rubuta da ɗaya daga cikin waɗannan harsuna domin yin wani aiki shi ne ake kira manhaja.

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen mayar da manhaja zuwa harshen inji. Ta farko ita ce ta tafinta. Kamar yadda tafintan Razdan yake jiran Bature ya faɗi jimla ya juya ta da Hausa, sannan ya jira ta gaba, haka tafintan kwamfuta yake ɗaukar layi ɗaya ya fassara, na'ura ta aikata, sannan ya ɗauki na gaba. Idan an umarci na'ura ta maimaita layi sau dubu, to sau dubu za a sake fassara shi. Hanya ta biyu ita ce ta mafassari, wanda ake kira kwamfaila. Shi wannan yana kama da malamin da ya zauna ya fassara littafi tun daga bango har bango ya rubuta. Aikin yana ɗaukar lokaci, amma da zarar an gama, ana iya karanta fassarar ko da malamin ba ya nan.

Daga wannan bambanci ne sauran bambance-bambancen suka taso. Manhajar da mafassari ya juya ta fi gudu nesa ba kusa ba. Ita kuwa ta tafinta ta fi sauƙin gyara, domin da an yi kuskure na'ura za ta tsaya ta nuna layin, a gyara nan take a ci gaba.

3.2 Kwamfutocin Gida na Farko

Kafin ƙarshen shekarun 1970 kwamfuta aba ce ta manyan ma'aikatu da jami'o'i, kamar irin cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Daga nan sai ƙananan na'urori suka fara fitowa a Amurka da Ingila. Apple II ta fito a 1977, BBC Micro da IBM PC a 1981, sai ZX Spectrum da Commodore 64 a 1982. A 1983 aka fito da tsarin MSX a Japan, wanda a kansa ne kamfanin Al Alamiah na Kuwait ya gina kwamfutocin Sakhr masu rubuta Larabci.

Kusan dukkan waɗannan na'urori sun zo da tafintan BASIC a cikinsu, ta yadda da an kunna za a iya fara rubutu. Wannan ne ya sa BASIC ya zama harshen farko na yawancin masu koyo, har ma Manufar Ƙasa kan Ilimin Kwamfuta ta Nijeriya ta 1988 ta zo a lokacin da harshen yake tashe a makarantu. Mafassari kuwa sai an saya daban, a kaset ko a faifai. A nan ne maganar zaɓe ta taso, musamman ma bayan 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar naira, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Wanda ya sayi mafassarin da bai dace da aikinsa ba, da wuya ya sami halin sayen wani.

3.3 Shahuci da Ilimin Rabon Gado

Shahuci unguwa ce a cikin birnin Kano, kusa da Kasuwar Rimi. A nan ne aka kafa Makarantar Shari'a ta Shahuci a 1928, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, domin horar da alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e. Rabon gado, wanda malamai suke kira fara'ili, yana daga cikin manyan ayyukan alƙali, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a Kano, irin su Risala da Muhtasar, duk suna da babi a kansa. Alaƙar wannan ilimi da lissafi daɗaɗɗiya ce, domin littafin aljabara da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 ya ware kaso mai yawa ga matsalolin gado da wasiyya. Daga sunan wannan malami ne aka samo kalmar algoridim, wato matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, wadda masu rubuta manhaja suke amfani da ita.

Rabon da aka ƙayyade a cikin Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, da rubu'i, da sumuni, da sulusi biyu, da sulusi, da sudusi. Abin lura a nan shi ne, malamai ba sa aiki da ɗigon gomiya. Sukan nemi adadi cikakke wanda duk rabon da ke cikin matsalar zai fita daga gare shi ba tare da ɓari ba, su kira shi asalin matsala. Asalan guda bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Idan kason magada ya haura asali, sai a ɗaga asalin zuwa jimlar kason, kowa ya ragu daidai gwargwado. Wannan shi ake kira auli.

Ga misalin da za a yi amfani da shi a sauran babin. A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Mata tana da sumuni, 'ya'ya mata suna da sulusi biyu, uwa da uba kowanne yana da sudusi. Asalin matsala 24 ne. Mata ta sami kaso 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. Jimla ta zama 27, don haka asali ya tashi daga 24 zuwa 27. Wannan ita ce matsalar da malamai suke kira Mimbariyya. Idan abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 54,000 ne, kowane kaso ya zama naira 2,000. Mata za ta karɓi 6,000, kowace 'ya 16,000, uwa 8,000, uba 8,000.

Tambayar ita ce, idan wani ɗalibin ilimi ya so ya koya wa ƙaramar kwamfuta wannan lissafi a waɗancan shekaru, wane mafassari ya kamata ya zaɓa?

3.4 Abubuwan Dubawa Wajen Zaɓe

3.4.1 Irin Furosesa

Abu na farko shi ne, mafassarin da aka yi wa wani furosesa ba ya aiki a kan wani, domin kowanne da harshen injinsa. Apple II da BBC Micro suna amfani da 6502, Commodore 64 kuma tana da ƙaninsa 6510. ZX Spectrum da MSX suna amfani da Z80, ita kuwa IBM PC tana da 8088. Shi 6502 yana da ƙarancin wuraren riƙe adadi a cikinsa, kuma wurin da yake jibge bayanan wucin gadi bai wuce bayit 256 ba. Wannan ya sa fassara harsuna irin su Pascal da C zuwa gare shi take da wuya. Saboda haka Apple Pascal na 1979 ya bi tsarin UCSD, inda ake juya manhaja zuwa wani harshe na tsaka-tsaki, sannan wani ɗan tafinta ya gudanar da shi. Z80 kuwa ya fi samun mafassara masu yawa, saboda yana iya ɗaukar tsarin CP/M na Gary Kildall, wanda kamfanoni da dama suka rubuta wa mafassara.

3.4.2 Girman Ƙwaƙwalwa

ZX Spectrum ta zo da kilobayit 16 ko 48. BBC Micro samfurin B tana da 32. Commodore 64 tana da 64, amma abin da take bar wa mai rubuta BASIC bayit 38,911 ne kawai. A cikin wannan ɗan wuri ne ake so mafassari ya zauna, manhajar da aka rubuta ta zauna, sannan fassarar da za ta fito ita ma ta sami gurbi. Ke nan duk girman mafassari, haka manhajar da zai iya juyawa take ƙanƙancewa. Manhajar gado kuwa ba ƙarama ba ce, domin kafin a kai ga lissafi sai an rubuta ƙa'idojin hajabu, wato wane magaji ne yake kange wani ko yake rage masa rabo.

3.4.3 Kaset ko Faifai

Yawancin masu Spectrum da Commodore a kaset suke adana aikinsu, irin kaset ɗin da ake sauraron waƙa ko wa'azi da shi. Loda babbar manhaja daga kaset zuwa Spectrum yana cin kusan minti biyar. Idan manhajar da aka fassara ta sami matsala ta daskarar da na'ura, sai an kashe an kunna, a sake loda mafassari, a sake loda rubutu, sannan a nemi kuskuren. A Kano kuwa akwai ƙarin matsaloli biyu. Na farko ɗaukewar wutar lantarki, domin duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura yana gogewa da zarar wuta ta tafi. Na biyu ƙurar hunturu da zafin bazara, waɗanda suke lalata zaren kaset da fuskar faifai. Saboda haka mafassarin da yake gama aiki cikin 'yan daƙiƙoƙi ya fi dacewa da wannan yanayi. Masu manyan mafassara irin Apple Pascal kuwa dole ne su mallaki injin faifai.

3.4.4 Yadda Mafassari Yake Riƙe Adadi

Wannan shi ne mafi muhimmanci ga aikin gado. Domin su rage girma su ƙara gudu, wasu mafassara sun taƙaita ne ga adadi cikakke, ba sa karɓar ɓari ko kaɗan. Misalinsu shi ne MCoder na farko da aka yi wa Spectrum, da Small-C wanda Ron Cain ya wallafa a 1980. Da farko mutum zai ga kamar wannan ya dace, tunda an nuna cewa malamai ma da adadi cikakke suke aiki. Lallai kuwa neman asali da auli duk za su yiwu da irin wannan mafassari, domin adadin ƙanana ne.

Matsalar tana tasowa ne idan aka zo kan kuɗi. Waɗannan mafassara suna ware wa kowane adadi gurbi 16 na sifiri da ɗaya, wanda mafi girman abin da zai ɗauka shi ne 32,767. Idan da kwabo ake ƙirga, dukiyar ba za ta wuce naira 327 da kwabo 67 ba. Idan da naira ake ƙirga, to a misalin da aka kawo kowane rabo bai wuce wannan iyaka ba, amma da an ce na'ura ta ninka 2,000 sau 27 domin tabbatar da jimla, sai adadin ya tumbatsa ya juyo ta baya, ta nuna -11,536 maimakon 54,000. Abin da ya fi muni shi ne, da yawa daga mafassaran wancan lokaci ba sa gargaɗi idan haka ta faru.

Masu karɓar ɓari su ma da nasu aibin. Kamar yadda ba a iya rubuta sulusi da ɗigon gomiya ya ƙare, sai dai a yi ta jera 0.333, haka ita ma kwamfuta ba ta iya rubuta ɗaya bisa goma ya ƙare da alƙalumanta na sifiri da ɗaya. Tana yanke shi ne a wani wuri. Saboda haka idan aka tara kwabo goma-goma sau da yawa, ana iya samun jimlar da ta gaza ko ta ɗara gaskiya da ɗan kaɗan. A lissafin injiniya wannan ba komai ba ne, amma a rabon gado haƙƙin marayu ne.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a mayar da dukiya kwabo, a raba da asali, a fitar da ragowa a fili. Misali, naira 10,000 kwabo 1,000,000 ne. Idan aka raba da 27 kowane kaso zai sami kwabo 37,037, kwabo ɗaya ya yi saura. Manhaja tagari ita ce wadda za ta nuna wannan saura domin alƙali da magada su san da shi. Yin haka yana bukatar adadi mai gurbi 32, wanda yake kaiwa 2,147,483,647, wato sama da naira miliyan 21 idan da kwabo ake ƙirga. Tafintan BASIC na BBC Micro yana da irin wannan adadi tun asali. BASIC na MSX kuma yana lissafi da tsarin gomiya har lamba 14, don haka kwabo ba ya ɓace masa ta hanyar da aka bayyana.

3.4.5 Haruffa

Sakamakon rabo ana so ya fito da harshen da magada suke karantawa. Tsarin ASCII da waɗannan na'urori suka dogara da shi yana da alamomi 128, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu, balle haruffan ajami. Sai dai ZX Spectrum ta bar gurabe 21 da mutum zai zana alamomin kansa a cikin murabba'i mai ɗigo takwas tsaye takwas kwance, BBC Micro ma tana da irin wannan dama. Gurabe shida sun isa manya da ƙananan haruffa masu lanƙwasa. Don haka ya wajaba a tabbatar mafassarin da za a saya yana gane umarnin da ake zana haruffan da shi, domin ba kowanne ne yake ɗaukar dukkan umarnin BASIC ba. Wannan matsala ba ta fara warwaruwa ba sai a shekarun 1990, lokacin da aka fito da tsarin Unicode a 1991, kuma Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffan Hausa masu suna Rabi'at da Abdalla.

3.4.6 Sauƙin Bita da Farashi

Manhajar da za ta taɓa haƙƙin mutane dole ne wani malami ya iya bin ta ya tabbatar ba a saɓa wa ƙa'ida ba. Tsohon BASIC yana dogara da lambar layi da tsallake daga wannan layi zuwa wancan, har ya zama da wuya marubucin kansa ya gane abin da ya rubuta bayan wata shida. Pascal kuwa yana ba da damar a kasa aiki gida-gida, a raɗa wa kowane gida suna, kamar Hajabu, da Asali, da Auli. Forth, wanda kwamfutar Jupiter Ace ta zo da shi a 1982, yana da gudu da ƙanƙanta, amma tsarin rubutunsa baƙo ne ga wanda ya saba da lissafin makaranta.

Ta fuskar farashi, kamfanin Borland ya kawo babban sauyi a watan Nuwamba na 1983 da ya fito da Turbo Pascal, wanda Anders Hejlsberg ya rubuta, a kan dala 49.95, a lokacin da ake sayar da wasu mafassara ɗaruruwan daloli. Mafassarin tare da wurin rubutu bai kai kilobayit 40 ba, yana fassara cikin daƙiƙoƙi, kuma yana kai mutum kan layin da kuskure yake. Amma shi ma adadinsa cikakke bai wuce 32,767 ba, sai a fitowa ta huɗu a 1987 aka ƙara adadi mai gurbi 32, kuma ita wannan fitowa ta IBM PC da makamantanta ce kawai. Kafin nan, fitowa ta uku ta 1985 ta zo da wani nau'i na musamman mai lissafi da tsarin gomiya domin harkokin kuɗi.

3.5 Zaɓin da Ya Fi Dacewa

Idan aka auna waɗannan abubuwa, za a ga cewa gudu, wanda shi ne babban abin da ake sayen mafassari dominsa, ba shi da muhimmanci a aikin gado. Magadan mamaci ɗaya ba su da yawan da lissafinsu zai gajiyar da tafinta. Saboda haka mai BBC Micro ko Sakhr ba ya bukatar kashe kuɗinsa, tafintan da ke cikin na'urarsa ya ishe shi, ga kuma Larabci a Sakhr. Mai ZX Spectrum ya kamata ya guji mafassari mai adadi cikakke kawai, sai dai idan zai taƙaita shi ga fitar da asali da kaso, ya bar rabon kuɗi ga alƙalami da takarda. Mai IBM PC kuwa Turbo Pascal na 1987 ne ya haɗa masa dukkan abin da ake bukata: adadi mai faɗi, da saurin gyara, da rubutun da za a iya bita. Wanda yake rubuta wasa ko zane mai motsi, nasa zaɓin zai zama akasin wannan, domin shi gudu ne a gabansa. Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu.

Har wa yau, ya kamata a lura cewa babu mafassarin da yake gyara kuskuren fiƙihu. Idan marubuci ya manta cewa ɗa namiji yana kange 'yan'uwan mamaci, na'ura za ta ba su rabo, kuma lissafinta zai fito daidai har kwabo. Don haka hukunci yana nan a hannun alƙali, na'ura kuwa matsayinta na mai taya shi ƙirga ne.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an bayyana bambancin tafinta da mafassari, an kawo kwamfutocin gida na shekarun 1977 zuwa 1983, sannan aka yi amfani da matsalar Mimbariyya wajen gwada abubuwa shida da ake dubawa kafin a zaɓi mafassari. An nuna cewa irin aikin da za a yi shi ne yake tantance zaɓi, kuma a aikin da ya shafi dukiyar mutane, yadda mafassari yake riƙe adadi ya fi gudunsa muhimmanci. Waɗannan na'urori sun daɗe da barin kasuwa, amma tumbatsar adadi da yankewar ɓari suna nan a harsunan kwamfuta na yau, sai dai iyakarsu ta yi nisa. A babi na gaba za a duba kalmomin da Hausa ta aro da waɗanda ta ƙirƙira a wannan fanni.